Jawabin Shugaban Taro a Wajen Ƙaddamar da Littafin Tarihin 'Yan Daudu a Kano



Na ga kujerun gaba da yawa babu kowa. Waɗanda suka aiko da uzurin ciwon kai, Allah ya ba su lafiya kafin la'asar.

Marubucin littafin nan ya yi aiki. Ya bi asalin abin zuwa bori da dangantakarsa da iskan nan Ɗan Galadima. Ya shiga Sabon Gari da tashoshin mota, inda 'yan daudu suka yi suna da suyar kaji da tuƙin tuwo. Ya kawo rawar biki, da ɗaurin zane a ƙirji, da shewa, da habaicin da ko kishiya sai ta sara masa. Bai manta da marigayi Rabilu Musa da fim ɗinsa Ibro Ɗan Daudu ba. Ya nuna yadda ƙaddamar da Shari'a a 2000, da kafa Hisbah, da dokar tarayya ta 2014 da ta hana auren jinsi suka mayar da harkar bayan labule.

To, ga abin da ya kawo ni. Tun 2009 Ba'amurke Rudolf Gaudio ya fitar da littafinsa a kan mutanen nan, bayan ya zauna da su a Kano. Mu da muka sayi abinci a hannunsu muna ina? Ɗalibinmu ya kawo wannan batu, sai malami ya ce masa ya sake wani, kada a yi da shi a gari. Haba malamai! Wanda ya rubuta tarihin bori, an taɓa cewa ya hau iska? Hukunci na malaman addini ne da alƙalai. Namu shi ne mu rubuta abin da ya faru. Dattawan da suka san zamanin suna ta rasuwa, kaset-kaset na hirarraki suna cin ƙura, babu kuɗin mayar da su kwamfuta. Alhaji na baya, a ajiye wayar nan, da ku nake.

Saboda haka yau ba ma karɓar alkawari. An sha yi mana shelar miliyoyi a lasifika, ma'aji ya koma gida da jaka wayam. Ga shi can bakin ƙofa da rasit.

Babban mai ƙaddamarwa, bismillah.