Babbar Kwamfuta da Masana'antun Kano: A Auna Aiki Kafin a Sayi Na'ura

 

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, kuma a wannan ziyarar ya buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano. Jama'a sun fi sa ido kan kwantena, amma kowace kwantenar fata daga Challawa ko ta roba daga Sharada tana tafe da takardun kwastan, da biyan banki, da lissafin kaya. Kwamfuta ce ke ɗaukar wannan nauyi.

Manyan bankunan duniya da dama suna dogara da irin kwamfutar da ake kira menfirem, wadda IBM ta kafa tushenta da System/360 a 1964. Firosesan cikinta iri ɗaya ne a ƙira, amma aikinsu da kuɗinsu sun bambanta. Nau'in da ake kira CP shi ne na kowane aiki, kuma a kansa ake lissafa kuɗin lasisin manhajar z/OS. IFL, wanda ya fito a 2000, na Linux ne. zIIP na 2006 yana karɓe ayyuka irin na Db2 da Java. Wanda ya ɗora komai a kan CP ya biya kuɗin da bai kamata ya biya ba.

Sai batun auna ƙarfi, inda aka fi yin asara. Manajan da ke Bompai ba ya sayen janareta sai ya san wutar da injinansa ke ja idan sun tashi gaba ɗaya. Haka ake yi wa menfirem. Ana auna aikinta da ma'aunin MSU, a duba matsakaicin awa 4 mafi nauyi a wata, a biya bisa shi. Don haka dabara ita ce a mayar da lissafin albashi da rahotanni zuwa dare, a bar rana ga ciniki. Mu kuwa sau da yawa dillali ke faɗa mana girman da za mu saya.

Sai batun tarayya: raba na'ura ɗaya ta zama da yawa tsohon ilimi ne. IBM ta fitar da VM/370 a 1972, sannan rabon LPAR a 1988, inda kowane kaso ke aiki ba tare da leƙa na maƙwabcinsa ba.

Ra'ayina shi ne, babu masana'antar Sharada da ke buƙatar menfirem tata. Abin da ke cin kuɗinmu shi ne sabobi barjat a ofisoshi, kowace tana shan dizal da na'urar sanyaya ɗaki, aikinta kaɗan. Ina kira ga ƙungiyar masu masana'antu ta MAN a Kano da Jami'ar Bayero su auna ainihin aikin kwamfutocin masana'antunmu na shekara guda, sannan a zauna a tsara yadda za a yi tarayya a cibiya ɗaya.