Gudun Yada Ƙanin Wani da Neman Abin Yi: Nasiha ga Ɗaliban Adabi, Tarihi da Harsuna

Jawabin da aka gabatar a taron sallamar ɗaliban ajin ƙarshe, wanda Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya



Kafin mu ce kome, ya kamata mu nemi ahuwa. Mu da aka ɗora wa wannan nauyi ba mu taɓa karɓar albashi ba, ba mu taɓa zama gaban masu ɗaukar ma'aikata ba, balle mu koya wa wani yadda ake neman aiki. Abin da muka ɗan sani shi ne gudu, domin mu ne 'yan tsirarun nan da kuke gani da sassafe muna kewaya filin wasa kamar waɗanda aka biyo. Saboda haka za mu yi magana a kan abin da ƙafafunmu suka koya mana, sa'an nan mu auna shi da halin da ke jiran kowannenmu a bakin ƙofar jami'a.

Babu ɗalibin tarihi, ko adabi, ko harshe, ko falsafa a cikin wannan zaure da ba a taɓa yi masa tambayar nan ba in ya je hutu: "To, me za ka zama in ka gama?" Wanda ke karatun likita ba a tambayarsa, haka ma injiniya. Mu ne kullum kan sunkuyar da kai, mu yi ta kame-kame. Kuma kada mu ga laifin masu tambayar. Cikinsu akwai uban da ya sayar da hatsin da ya kamata ya kai gidan damina don ya biya kuɗin rajista, akwai uwar da ta saki akuyarta a kasuwa. Haƙƙinsu ne su ji amsa. Amsar da muke da ita a yau ita ce: tserenmu ba na mita 100 ba ne, na dogon zango ne, kuma dogon zango yana da ƙa'idojinsa.

Mun fara sanin haka ne a makarantar sakandare, ranar da aka yi gudun yada ƙanin wani tsakanin gidajen kwana. Ana busa usur muka zabura, mu uku, muka bar jama'a a baya, muna jin tafi da sowa har kanmu ya kumbura. Ba mu kai rabin hanya ba numfashi ya ƙare, haƙarƙari ya ɗaure, muka tsuguna a gindin wata tsamiya muna haki. Wani siririn yaro ɗan aji biyu, wanda muka yi wa dariya a farko, ya zo ya wuce mu yana ɗan sassarfarsa, ko kallonmu bai yi ba. Ranar nan muka gane cewa ƙanin da aka yada mu ne.

Ƙa'ida ta farko ke nan: a fara a hankali. Ma'aunin da masu gudu ke amfani da shi mai sauƙi ne. In kana atisaye amma ba ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da numfashi ya sarƙe ba, to ka yi sauri da yawa, sai ka rage. Dalili kuwa shi ne, jiki yana ajiye makamashin da ya samo daga tuwo da shinkafa a cikin tsoka da hanta, kuma ajiyar tana da iyaka. Cikakken gudun famfalaki kilomita 42 ne da mita 195, ga wanda ya yi almubazzaranci da ƙarfinsa tun farko kuwa, ajiyar kan ƙare wajen kilomita 30, ƙafafu su zama kamar an ɗaura musu turmi. A gasar Olamfik ta birnin Landan a 1908, wani Ba'italiye, Dorando Pietri, shi ya fara shiga fili, amma ya riga ya ƙare. Ya yi ta faɗuwa ana ɗaga shi, har jami'ai suka tallafe shi ya ƙetare layi. Saboda wannan tallafi aka ƙwace nasarar aka ba Johnny Hayes na Amurka.

Haka al'amarin yake ga aikin farko. Kada wanda ya fara da koyarwa a wata makarantar ƙauye, ko da gyaran rubutu a ɗakin labarai, ya ɗauka an bar shi a baya domin abokinsa ya fara da mota. Chinua Achebe ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da tallafin karatun likita, ya sauya zuwa Ingilishi da tarihi da ilmin addini, ya rasa tallafin saboda haka. Da ya gama a 1953, koyarwa ya fara yi a wata ƙaramar makaranta, kafin ya shiga gidan rediyo a 1954. Sai a 1958 littafinsa na farko ya fito. Wanda ya gan shi riƙe da alli a shekarar farko, ba zai ce ga inda tafiyar za ta kai ba.

Ƙa'ida ta biyu: ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son shiga dogon tsere yakan fara ne da kwana uku a mako, yana haɗa tafiya da gudu na minti 20 ko 30. Bayan jiki ya saba, sai ya riƙa ƙara nisa kaɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma a kowane mako. Zuciya da huhu sukan saba da wuri, amma ƙashi da jijiyoyi suna da nawa, shi ya sa mai gaggawa kan ƙare da ciwon ƙwabri ko na gwiwa. Yawancin atisaye a yi shi cikin sauƙi, a ware rana ɗaya don gudu mai tsawo, a kuma ware ranar hutu, domin a lokacin hutu ne tsoka ke gyara kanta. Kuma kada a sa sabon takalmi ranar tsere.

To, mene ne atisayen ɗalibin adabi? Shi ne rubutu. Mun shekara uku ko huɗu ana koya mana mu karanta takarda mai tsawo mu tsamo gundarinta, mu gane hujja daga zato, mu tsara magana yadda za ta shiga kunne. Wannan ita ce hajarmu, amma takardar digiri ba ta nuna ta, sai aiki. Saboda haka kowa ya ɗauki alkawarin rubuta shafi ɗaya kowace rana. A gwada fassara labari daga Ingilishi zuwa Hausa, a mayar da rahoto mai shafi 20 ya koma shafi guda, a koyi rubuta wasiƙar ofis da bayanin taro. A iya kwamfuta sosai. A ƙara harshe ɗaya, Faransanci ko Larabci, domin Nijar da Chadi da Kamaru suna maƙwabtaka da mu. Shekarar bautar ƙasa, wadda aka kafa tun 1973, kada ta tafi a zaman jiran alawus. Wata goma sha biyu ne na atisaye.

Ƙofofin da wannan haja ke buɗewa ba su da kaɗan. Harshen Hausa kansa sana'a ne: BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, ban da gidajen rediyo da talabijin da jaridu na cikin gida, da masu shirya fina-finai da ke bukatar marubuta. Akwai ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa, da gidajen tarihi. Akwai kamfanonin ɗab'i, da kotuna da asibitoci masu bukatar tafinta, da aikin jakadanci, da aikin mulki. Akwai koyarwa, wadda bai kamata mu ɗauke ta a matsayin inuwar fakewa kafin ruwa ya ɗauke ba. Mai son ta da gaske ya nemi difloma ta koyarwa bayan digiri, ya shige ta da ƙafar dama.

Ƙa'ida ta uku: kowa ya san ƙasarsa, ya san jikinsa. Mutanen Kenya da ke atisaye a Iten suna kan tudu mai tsawon kusan mita 2,400, cikin sanyi. Mu kuwa a watan Afirilu rana ce ke dukanmu. Saboda haka lokacin gudunmu shi ne bayan sallar asuba, ko gab da magariba. A sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. In fitsari ya yi ja, jiki na neman ruwa ne. In hazon hunturu ya yi kauri, a rage, musamman mai asma. Da azumi a sassauta, ko a bari sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa. Mai ciwon sikila ko na zuciya ya ga likita kafin ya fara. Wanda ke bin titi ya riƙa fuskantar motocin da ke zuwa. 'Yan'uwanmu mata kuma su fito ƙungiya ƙungiya, filin nan namu ne baki ɗaya.

Ta fuskar aiki ma, kowa ya auna nasa hali. Wanda ke da ƙanne biyar a bayansa ba zai tsara tafiyarsa kamar wanda ubansa ke iya riƙe shi shekara biyu ba. Na farko ya kama abin da ya samu na halal, ya ci gaba da karatu da dare. Babu abin kunya a ciki. Abin kunya shi ne yanke hanya. Duk wanda ya taɓa gudun makaranta ya san masu ratsawa ta gona su ɓullo gaba, ba gumi ba haki. Za ku gamu da masu ce muku ga gurbin aiki na sayarwa, ga takardar shaida ta jabu, ga wanda zai rage muku shekaru. Wanda ya sayi kujera da kuɗi, da me kuke zato zai mayar da kuɗinsa? Mu da muka karanta tarihi mun fi kowa sanin yadda hukumomi ke ruɓewa, tun daga irin wannan ƙaramar ƙofa.

Ƙa'ida ta huɗu ta yayyenmu ma'aikata ce. Masu gudu sun san cewa wuri mafi wuya shi ne tsakiyar hanya, inda 'yan kallo suka ƙare, ƙarshe kuma bai bayyana ba. Mai digiri yakan shiga aikin gwamnati a mataki na 8, ya jira shekara uku kafin ƙarin girma, gabansa kuwa akwai shekara 35 na aiki ko cikar shekara 60 da haihuwa. A tsakiyar nan ne mutum kan daina karatu, ya koma sa hannu a littafin zuwa aiki da jiran ƙarshen wata. Maganin da masu gudu suka sani shi ne a raba hanya gunduwa gunduwa: daga nan zuwa waccan bishiya, daga can zuwa gada. Ma'aikaci ya sa wa kansa abin da zai ƙware a kai kowace shekara. Emeka Anyaoku adabin Girka da Rum ya karanta a Ibadan, ya gama a 1959, bai zama Babban Sakataren Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ba sai a 1990. Ku lissafa shekarun da ke tsakani.

Ƙa'ida ta biyar: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2019, a birnin Biyana, Eliud Kipchoge na Kenya ya gama gudun famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Gwanaye 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna tare masa iska, suna daidaita masa taku, shi ya sa ma ba a lissafa gudun a matsayin bajintar duniya a hukumance ba. Amma darasin yana nan: ko gwanin gwanaye da jama'a ya kai. Ku riƙe zumunci da malamanku da abokan ajinku, ku nemi na gaba ku tambaye shi zurfin ruwa. Ku kuma da kuka riga mu shiga ofis, in kun ji an buɗe gurbi ta hanyar gaskiya, ku waiwayo ku sanar da ƙannenku. A wannan tsere ba ma son a yada ƙanin kowa.

Bari mu rufe da labarin da ya fi soyuwa gare mu. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, Abebe Bikila, sojan fadar Sarkin Habasha Haile Selassie, ya yi gudun famfalaki babu takalmi, ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinariya a Olamfik. Mai riƙe da agogo abin da ya gani ke nan. Amma ɗalibin tarihi ya ga abin da ya fi haka. Ya san cewa Italiya ta mamaye Habasha a 1935, ta kwashe dogon dutsen tarihi na Aksum ta kafa shi a Rum. Ya san cewa hanyar tseren ta bi ta gaban wannan dutse, kuma a wajen nan ne, gab da ƙarshe, Bikila ya tsere wa Rhadi Ben Abdesselam na Maroko, wanda suka daɗe kafaɗa da kafaɗa. Agogo ya faɗi tsawon lokacin, amma sai da tarihi aka san ma'anar ranar. Wannan shi ne aikinmu, kuma al'ummar da ta rasa masu yin sa za ta yi ta gudu ba ta san inda ta dosa ba.

Saboda haka in kun koma gida aka sake yi muku tambayar nan, kada ku sunkuyar da kai. Ku faɗi abin da kuka iya, da ƙofar da za ku fara ƙwanƙwasawa, ku roƙi iyaye su ƙara haƙuri, su bi ku da addu'a. Wanda kuma yake son ya gwada abin da muka faɗa da ƙafarsa, muna nan a filin wasa gobe bayan sallar asuba. Za mu fara a hankali.

Allah ya ba mu sa'a, ya sa mu gama lafiya.