Littafin da Maƙwabciya Ta Yaba

A Fezzan, tsohuwar unguwar Maiduguri da ta samo sunanta daga yankin Fezzan na kudancin Libiya, littafin Hausa yakan shiga gida ne ta bakin wanda ya riga ya karanta shi, domin adabin kasuwar Kano, wato ƙagaggun labaran da marubuta ke buga wa kansu tun shekarun 1980, bai taɓa jingina da masu sharhin jarida ba. Yabon masu karatu ne ya yaɗa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ya kuma ɗaga Abdulaziz Sani Madakin Gini a fagen labaran jarumai da aljanu.

A yau shawarar ta koma zaurukan WhatsApp, inda ake sakin shafukan farko kyauta, sannan a nemi kuɗi daidai lokacin da labarin ya ɗauki zafi, abin da ya sa yabo da talla suka cakuɗe. Soyayya ce ta mamaye zaurukan, labaran binciken laifi kuwa sai an tona. Gara mai karatu ya tambayi mai yabon ko ya kai ƙarshen littafin kafin ya tura kuɗinsa.