Wa za a fara ceto idan masifa ta sauka?



Ya ku ƴan'uwa masu saurare, Allah ya karɓi azuminmu. Ba mu manta da damanar 2024 ba, sa'ad da ruwa ya rusa gidaje a Maraɗi, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. A irin wannan rana masu rauni sukan fi masu ceto yawa. Ma'aikaci ɗaya ne, mutum biyar suna kwance. Wa zai fara ɗauka?

Shari'a ba ta bar shi cikin duhu ba. Ka'idar malamai ita ce, idan cuta biyu suka haɗu, a kawar da mafi girma. Saboda haka wanda numfashinsa ya toshe, ko jini yake kwarara daga jikinsa, shi ne a gaba. Mai karaya a hannu zai jira, ko da shi ne mai gari, ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya. Mai kururuwa yana numfashi. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Duk wanda ya tsallake talaka mai mutuwa don ya kama hannun mai kuɗi, ya ci amana. Ayar da ke cikin Suratul Ma'ida, wadda ta daidaita raya rai guda da raya mutane duka, ba ta ware ƙabila ko addini ba.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta isa. Mutum nawa aka janyo daga ƙarƙashin gini da ƙarfi, alhali bayansa a karye, ya shanye har abada? Mutum nawa aka ɗura wa ruwa yana sume, ruwan ya shaƙe shi? Ya zo a hadisin Abu Dawuda cewa mai yin magani ba da sani ba, ramuwa tana kansa. Koyon aikin ceto farilla ce ta kifaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matasanmu su je wurin ƙungiyar Croix-Rouge da ƴan kwana-kwana su koyi danne rauni don tsayar da jini, da kwantar da wanda ya suma a kan gefensa. Rufaida Al'aslamiyya ta kafa tantinta a masallacin Madina, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ, don ta san aikin tun kafin ranar.

Ya kai ma'aikaci, idan ceton rai ba zai yiwu ba sai ka sha ruwa, ka sha, ka rama bayan Salla. Idan kana salla ka ga ruwa zai ci yaro, ka yanke. Idan mace ce ta ji rauni babu wata mace kusa, ka taimake ta gwargwadon lalura, ka suturta ta. Kada ka ɗauki hotonta da salula. Wanda ya cika a hannunka bayan ka yi iyakar ƙoƙarinka, ajalinsa ne, kada ka zargi kanka.

Mu kuma sauran jama'a, mu buɗe hanya, mu kira lamba 18, mu daina cunkoso.

Allah ya kiyashe mu daga ambaliya da gobara, ya saka wa masu ceto da alheri.