Kada Mu Bar 'Ya'yanmu Su Shiga Aji A Makance

Dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa masu rumfa da masu tebur da masu talla, muna yi muku barka da zuwa, mun kuwa gode da kuka bar ciniki kuka zo. Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ce da ke makarantar sakandare, da abin da za su ci abinci da shi ran da suka fito.

Duk cikinmu nan babu ɗan kasuwan da zai yi lodin albasa ya tura Legas bai tambayi yadda kasuwa ta kwana a can ba. Sai ya ji farashi, ya ji kuɗin mota, ya san wanda zai sauke masa kaya. Amma ga shi mu ɗin nan ne muke ɗaukar ɗa na cikinmu mu kai makaranta, mu yi shekara shida muna sayen littafi da tufafi da takalmi, mu ci bashi mu biya kuɗin jarrabawa, ba mu taɓa tambayar inda wannan tafiya za ta sauke shi ba. Ashe albasa ta fi ɗa samun tattali ke nan?

To, bari mu bayyana yadda abin yake, gama rashin sani ya fi dare duhu. A shekarar 1977 gwamnatin Nijeriya ta fito da manufar ilmi ta ƙasa, a 1982 kuma aka fara aiki da tsarin da ya raba sakandare gida biyu, watau shekara uku a ƙarama, uku a babba. Idan yaro ya gama aji uku ya yi jarrabawa, sai hanya ta rabu. Ko ya shiga ajin kimiyya, ko ajin adabi wanda yara ke kira At, ko ajin kasuwanci, ko kuwa ya wuce kwalejin koyon sana'a. A wannan mararraba yaron bai wuce shekara goma sha huɗu ko sha biyar ba, amma a nan ne ake buɗe masa wasu ƙofofi a rufe wasu.

Yaya ɗan talaka ke yin wannan zaɓe? Wani abokinsa ya bi. Wani ya gudu daga ajin kimiyya don an ce masa malamin Lissafi yana da bulala. Wani kuwa ba a ma tambaye shi ba, an dai kira suna an ce kai je can, don ajin nan ya cika. Uban yana kasuwa, uwar tana gida, ba wanda ya gaya musu an yanke wani hukunci a kan ɗansu.

Sai bayan shekara uku abin ke fitowa fili. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke yin jarrabawar shiga manyan makarantu. Darasi huɗu take gwada yaro, Turanci tilas ne a ciki, maki duka 400. Sauran ukun kuwa karatun da yaro ke nema shi ke yanka masa su. Mai son likita sai Fizis da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya sai Lissafi da Fizis da Kemistiri. Mai son lauya lalle sai ya yi Adabin Turanci. Bayan wannan jami'a tana neman kiredit biyar a takardar WAEC ko NECO, har da Turanci, mai neman fannin kimiyya ko kasuwanci kuma sai da Lissafi.

Akwai wani yaro a unguwarmu, ubansa mai sayar da kayan miya ne. Tun yana firamare yake cewa shi likita zai zama, ƙwaƙwalwarsa kuwa ba laifi. Ran da aka je cike masa fom, mai kwamfuta ya tambaye shi makinsa na Kemistiri, yaro ya ce shi bai taɓa shiga ajin Kemistiri ba. Shekara uku yana ajin At yana jiran zama likita, ba malami ɗaya da ya zaunar da shi minti biyar ya ce masa wannan hanya ba ta zuwa asibiti. Yaron bai faɗi jarrabawa ba, bai yi wasa da karatu ba. Mai gaya masa kawai ya rasa.

Wannan ba ya faruwa ga ɗan mai hali. Shi yana da kawu likita, yana da yaya lauya, ana cin tuwon dare ana yi masa bayanin abin da zai karanta. Ɗan talaka kuwa makaranta ce kawunsa. Gwamnati ma ta san da haka, domin a cikin manufar nan ta 1977 an rubuta cewa za a ajiye malaman ba da shawara kan zaɓen aiki a makarantun sakandare. To ku je makarantar unguwarku ku tambaya. A wurare da yawa za ku tarar ko dai babu shi sam, ko an laƙa wa wani malami sunan, alhali ga aji biyar a wuyansa, ko wurin zama da yaro ba shi da shi. Haƙƙinmu ne a rubuce, neman sa kuwa ba roƙo ba ne.

Amma kada mu naɗe hannu muna jira. A ƙasar nan wannan aiki ba gwamnati ce ta fara shi ba. A shekarar 1959, a wata makarantar 'yan mata mai suna St. Theresa a Ibadan, malamai mata na mishan suka ga ɗalibansu za su fita ba su san inda za su nufa ba. Sai suka gayyato ma'aikata iri iri daga cikin gari, kowa ya zo ya faɗi yadda aikinsa yake da yadda ake shigarsa. Daga wannan ɗan taro abin ya yaɗu. Abin da aka yi da kujeru da baki kawai, ƙungiyar 'yan kasuwa ta fi ƙarfinsa.

Har wa yau, jama'a, mu daina ganin jami'a ce kaɗai ƙofa. A 2025 yara kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB, kujerun jami'o'i kuwa ba su kai haka ba. Karatun likita shekara shida ne, na injiniya biyar, na lauya biyar sa'an nan a ƙara ɗaya a makarantar horon lauyoyi. Uba ya kamata ya san wannan lissafi tun kafin a fara, kada kuɗi ya yanke a tsakiyar kogi. Akwai foliteknik, irin ta Kaduna, inda yaro zai yi ƙaramar difloma a shekara biyu, ya fita aikin gwaji shekara ɗaya, in ya so ya koma ya yi babba a shekara biyu. Akwai kwalejin horon malamai. Akwai makarantun nas da ungozoma da na duba gari da na ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Akwai kwalejojin sana'a masu jarrabawarsu ta NABTEB, inda ake koyon aikin lantarki da kanikanci da walda da kafinta da gini. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya ga abin da hannu ke ƙerawa ba zai ƙara raina mai baƙin mai a riga ba. Idan mai wannan hannu yana da takarda kuma ya iya lissafi da awo, shi zai karɓi kwangila, ba a karɓa a ba shi ragowa ba.

Kada kuma wani ya ce mana ɗan talaka ba shi da kan kimiyya. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, aka riƙa ɗaukar yara da jarrabawa. 'Ya'yan manoma da na 'yan koli suka shiga, yau da yawansu likitoci ne da injiniyoyi. Hanya aka nuna musu da wuri, suka bi.

Maganar 'ya'ya mata kuwa, mu ne dai kullum muke kuka idan muka kai iyali asibiti muka tarar ba likita mace, ba ungozoma. Likita mace daga ajin kimiyya take fitowa. Idan muka bar 'yarmu ta kauce wa wannan aji don ba wanda ya ƙarfafa mata guiwa, to kukan da muke yi a ƙofar asibiti da kanmu muke.

To mene ne abin yi? Na farko, duk wanda ɗansa ko 'yarsa ke aji uku, ya rufe rumfa rabin yini ya je makarantar da ƙafarsa. Ya nemi shugaban makaranta cikin ladabi ya ce, malam, a wane darasi yaron nan ya fi ƙarfi, wane aji za a sa shi, kuma wannan aji ina yake kai mutum? Rashin jin Turanci ba ya hana wannan tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Na biyu, mu zauna da yaran mu ji ta bakinsu. Kada uba ya ce tilas sai likita don ɗan maƙwabci ya zama likita, alhali yaron ko kaza aka yanka sai ya kau da kai. Kada kuma wani ya cire ɗa daga aji huɗu ya ce zo ka tsare mini rumfa. Yaron da ya koyi aikin akanta shi zai riƙe maka littafin bashi, ya tsaya maka gaban mai karɓar haraji, ya san abin da banki ke rubutawa kafin ka sa hannu.

Na uku, mu duba takardu. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa. Sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a katin da takardar makaranta da ta jarrabawa. Harafi ɗaya idan ya saɓa, sai ka ga ana ta sintiri a ofis ana kashe kuɗi har lokaci ya ƙure.

Na huɗu, ko wace ƙungiya ta kasuwa da ko wace unguwa ta tsai da rana ɗaya a shekara, kafin yara su gama aji uku. A gayyato nas, da malamin makaranta, da bakanike, da mai haɗa sola, da lauya, da akanta, musamman waɗanda suka tashi a cikinmu. Kowa ya faɗi darussan da ya yi, da shekarun da ya ɗauka, da kuɗin da aka kashe, da wahalar aikin, kada ya ɓoye. Lokacin hutu kuma a kai yaro wurin mai sana'ar da yake sha'awa ya yi wata ɗaya, ya gani da idonsa ko zai iya.

Na biyar, mu riƙa zuwa taron iyaye da malamai, mu daina barin sa ga mutum biyar. A can za mu tambayi ina malamin ba da shawara, ina ɗakin gwajin kimiyya, gama akwai yaran da ke gama ajin kimiyya ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Duk mai neman ƙuri'armu kuma idan ya zo da ganga da alkawari, mu ajiye masa wannan tambaya a gabansa, mu riƙe amsarsa har ya dawo neman wata.

'Yan'uwa, mu ba mu da gidaje da filayen da za mu bar wa 'ya'yanmu gado. Ɗan abin da muke tarawa a bakin rumfa shi muke zubawa a karatunsu, saboda haka tilas mu san inda yake tafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ji wannan magana ya kai wa maƙwabcinsa na rumfa da bai samu zuwa ba, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Yau da dare kowa ya kira ɗansa ya tambaye shi ajin da yake da abin da yake so ya zama.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su sana'a mai albarka, ya ba mu ikon tsaya musu.