Karenka Da Tumakin Maƙwabcinka

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa matasa 'yan'uwa a zaman karatu na bayan Magariba, mun rubuto shi daga kaset domin amfanin masu karatu.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da alayensa da sahabbansa. 

Abin da za mu yi magana a kai yau wani zai ga kamar bai kai a tara mutane dominsa ba, wato kare da tunkiya. To, amma haƙƙi ne, shi kuwa haƙƙi ba shi da ƙarami. Yanzu an shiga yayin ajiye kare. Matashi ya sayo kwikwiyo, wani ma irin manyan nan na ƙasashen waje, ya ce na gadi ne, alhali ba shi da abin da za a gada sai katifa da rediyo. Da dare ya yi sai ya kwance shi, ya ja ƙofa ya kwanta. Da asuba a tarar da tunkiyar maƙwabta a bakin kwata, ciki a farke. In an yi magana ya ce ai dabba ce, ba ta da hankali. E, ita ba ta da shi. Kai da ka kwance ta fa?

Ku dubi su waye masu tumakin nan a unguwanninmu. Galibi tsohuwa ce da ta turke rago ɗaya, ko matar da mijinta ya rasu ta sa 'yan kuɗinta a tunkiya 'yar Uda ko Balama tana jiran ta haihu. Wata shida, wata bakwai tana sayen dusa da harawa, lissafinta duk yana kan kasuwar babbar Salla, a nan kuɗin makarantar yara yake, a nan kayan ɗakin 'yarta suke. Wannan shi ne abin da karenka yake wasa da shi.

Kuma kada ka ce ai bai cije ta ba, kora kawai ya yi. Tunkiya dabba ce mai tsananin firgita. Mai ciki in an tsananta mata gudu takan yi ɓari, wata ta faɗa rami ta karye, wata ta yanki titi mota ta kwashe ta. In kuwa ya ciza, haƙorin kare yana huda ciki ya bar ƙaramin baki a waje, sai bayan kwana biyu wurin ya ruɓe. Ragon da aka yaga masa kunne fiye da sulusi, ko ya koma yana ɗingishi bayyananne, malamanmu sun ce bai isar wa layya. Ka ga ran kasuwa ya faɗi ke nan. Wanda kuma kare ya kashe mushe ne, aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta lissafa abin da naman daji ya ci cikin haramtattu, sai wanda aka riska aka yanka. A mazhabar Malik, in ya riga ya tsinka laka, ko jijiyar wuya, ko ya zubo da hanji, yankan ma ba ya halatta shi. Ba rago, ba nama.

Shi ajiye karen ma yana da hukunci. Ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron shuka ba, ana rage masa lada kowace rana, wata riwayar ƙiraɗi ɗaya, wata biyu. Risala ta Ibnu Abi Zaid da muke karantawa a zaure ita ma a kan haka ta tafi, har ta shardanta farautar ta zama ta neman abinci, ban da ta nishaɗi. Wasu malamai sun yi rangwame ga tsaron gida in akwai tsoron ɓarayi na haƙiƙa. Abin lura, an halatta kare ne don ya tsare tumaki, mu kuma mun mai da shi abin da ake tsare tumaki daga gare shi.

Sannan batun biya. Suratul Anbiya, aya ta 78 da 79, ta ba da labarin Annabi Dawud da Annabi Sulaiman (AS) suna hukunci a kan tumakin da suka shiga shukar mutane da dare. Haka raƙumar Bara'u ɗan Azib (RA) da ta yi ɓarna a gonar wani, Manzon Allah (S) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, tsaron dabbobi da dare yana kan masu su. Malaman Malikiyya sun fayyace game da kare mai cizo cewa in an gargaɗi mai shi bai ɗaure ba, abin da ya ɓata shi zai biya. Kuma ƙimar dabbar ake biya, ba a zo da "a yi haƙuri" hannu na dukan cinya ba. Ko a Sukotilan, dokar da suka gyara a 2021 ta kai tarar mai karen da ya far wa dabbobin kiwo fam 40,000, ko ɗaurin wata 12. Mu da muke fitowa titi muna la'antar zalunci, bai kamata a ce tsohuwar bayan gidanmu tana kai ƙararmu wurin Allah a kan tunkiya ba.

Saboda haka mai kare ya ɗaure shi a cikin gida, in zai fita da shi da sarƙa a hannu, mai cizo kuma a sa masa takunkumi. Ya ciyar da shi, don yunwa tana cikin abin da ke fitar da shi. Ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare duk shekara, domin cutar tana kama tunkiya, tana kama mutum, kuma in alamunta suka bayyana kusan ba a tashi. A ba shi maganin tsutsar ciki, don akwai wata tsutsa da ke fita a kashinsa, in tunkiya ta ci ƙwanta a ciyawa sai ya zama ƙullutu a ƙwaƙwalwarta, ka ga tana ta juyi wuri ɗaya har ta mutu.

Masu tumaki su ma da nasu. A daina barin su suna kwana a lungu. Kafin duhu a shigar da su, a gyara danga, a toshe ƙasan ƙyaure. Ragon da aka turke a ƙofar gida ba kowa kusa ya fi kowanne shiga haɗari, don igiya ta hana shi gudu. 'Yan'uwa masu ƙarfi, ku ɗauki Asabar ɗaya ku zagaya gidajen tsofaffi ku ɗaure masu danga.

In abin ya faru, kada a zuba guba a nama a jefar. Kyanwar wani za ta ci, ungulu za su ci, yaro ma yana iya ɗauka. A kira shaidu su gani, a je wurin mai unguwa, a kirawo mai karen. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Tunkiyar da ake zaton mahaukacin kare ya ciza kuma kada a yi sauri a yanka a kai wa mahauta, a tsare ta a kira likitan dabbobi tukuna.