Yoga Bayan Rauni: Iyakar Abin da Littafi Zai Koyar



Aikin koyarwa yana cin jiki. Tsayuwa gaban allo tun safe har azahar, sunkuyo a kan takardun jarrabawa, ga haɗarin babur a hanyar makaranta, duk sukan bar mutum da ciwon baya ko targaɗe. Shi ya sa wasunmu suka fara sayen littattafan yoga, motsa jikin nan na Indiya da ke haɗa miƙa gaɓoɓi da daidaita numfashi. Asalinsa yana da alaƙa da addinin Hindu, amma motsa jikin kaɗai nake nufi a nan.

Amfaninsa tabbatacce ne. A shekarar 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta sanya yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa ga ciwon baya da ya daɗe, kafin a kai ga shan magani.

To amma littafi ba ya ganin ɗalibinsa. B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918, ya taso da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka, yoga kuma ta taimaka masa ya murmure. Littafinsa Light on Yoga na 1966 yana ɗauke da hotuna kimanin 600. Duk da haka, a makarantarsa ta garin Pune ya kasance yana tallafa wa masu rauni da kujera, bargo, ɗamara da guntun katako, yana duban kowa da irin larurarsa. Hoton da ke littafi na gwani ne da ya shafe gomman shekaru yana horo. Mai sabon rauni da ya kwaikwaye shi a makon farko zai iya fama ciwonsa.

Saboda haka ina ba da shawara uku. A nemi izinin likita tukuna. A fara da minti goma a rana, a guji tsayuwa a kan kai. In an ji zafi mai suka, a dakata nan take. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina kuma roƙon reshenmu ya riƙa gayyato ma'aikacin sashen gashin ƙashi sau ɗaya a wata, ya duba yadda masu koyo suke yi, ya gyara musu.

Allah Ya ƙara mana lafiya.